Motar da Gida Ya Kewaye

Ni Sanatu, abu biyu aka san ni da su a Moshi Zongo: shinkafa da waken da nake sayarwa a bakin tashar mota, da kuma bakina. Shinkafar kowa ya ci sai ya dawo. Bakin kuwa, wanda ya taɓa ni shi zai ba da labari, mijina ma da ya gaji da shi ai gidan ubana na dawo na ci gaba da sana'ata. To amma a shekarar da ƙasar nan ta ajiye sunan Gol Kos ta ɗauki Gana, akwai wata magana da duk masifata na kasa kashewa, wato sunan da 'yan tasha suka laƙa wa mahaifina. Direban Kaji, haka marasa kunyar suke kiransa.

Babana Imoru tun motocin Tamale ba su wuce a ƙirga da yatsu ba yake tuƙi. Ya yi wa wani mai kanti tuƙi shekara da shekaru, har ya sayi tasa, 'yar ƙaramar lori mai gadon katako a baya, irin wadda sai an zura mata ƙarfe a hanci an murɗa kafin ta tashi. Da ita yake kai man kaɗe Kumasi, ya tsallake ruwan Yeji a jirgin fito, ya dawo da goro da gishiri. Da yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ya yi zafi, sai jita-jita ta cika gari cewa za a karɓe motocin mutane a ba soja. Ko gaskiya ne ko ƙarya ne, Baba bai tsaya tambaya ba. Ya shigo da abarsa cikin gida, ya cire mata tayoyi, ya ɗora ta a kan duwatsu, ya lulluɓe ta da zana, ya ce sai an gama yaƙi. Aka gama yaƙi, amma kafin nan idanunsa sun tafi, ciwon nan da ke kama masu yawan kwana a bakin kogi ya cinye su.

Mota ta zauna. Zanar ta ruɓe muka yi wuta da ita. A kan motar muke shanya, a ƙarƙashinta awaki ke kwana, kaji kuma suka kama wurin zaman direba suna saka ƙwai. Kullum da safe in ya idar da salla, Baba zai lallaba da sandarsa ya je ya kori kaza, ya zauna, ya kama sitiyari, ya yi ta ba kansa labarin hanya. Wata rana Zubeiru, wani matashin direba mai bin hanyar Yendi, ya shigo gidanmu karɓar abinci ya gan shi a haka. Kafin azahar duk tasha ta ji.

Na zage su, na tsine musu, har na taɓa watsa wa ɗaya ruwan wanke-wanke. Ina! Sai ka ce zuga su nake yi. Yawancinsu ba su taɓa ganin Baba a kan hanya ba, a wurinsu wani makahon tsoho ne kawai mai wasa da mataccen ƙarfe.

Da bikin 'yancin kai ya matso, direbobi suka shirya jerin gwanon motoci daga tasha zuwa filin taro, aka ce wanda ya fi kowa daɗewa a tuƙi shi zai ja gaba. Ina cikin zuba wa wani miya na ji maganar, na ce, "To ai an gama, babana ne."

Zubeiru ya kusa ƙwarewa don dariya. "Yaya Sanatu, da wace motar? In zai zo dai ki ce ya taho mana da ƙwai."

Ludayin da ke hannuna ne ya amsa masa, Allah ya so shi ya sunkuya. Sarkin tasha, dattijo ne mai sanyin hali, ya shiga tsakani ya ce, "Sanatu, ba wanda ya raina Imoru. Amma jerin motoci ne. In ya zo da motarsa tana tafiya da ƙafarta, gaba tasa ce."

"Za ta zo," na ce. Da zafin rai na faɗa, ban ma san ko akwai sauran inji a cikinta ba. Abin da na sani shi ne ƙafafun Baba sun fara kumbura, tari ya hana shi sakat, kuma ba lalle damina ta same shi ba. Na rantse a zuciyata ba za a kai mahaifina kabari da sunan kaji ba. Sai garin nan ya gan shi da ido a cikin motarsa tana tafiya.

Ƙanena Mashud bakanike ne a Kumasi. Na aika masa da baki cewa ya ajiye duk abin da yake yi ya zo. Ya iso a gigice, yana zaton rasuwa aka yi. Da na nuna masa motar sai ya fashe da dariya, ya dubi fuskata, ya haɗiye sauran. Ya zagaya ta, ya ɗaga murfin inji, wani ƙaton ɓera ya yi tsalle ya bi ta kan kafaɗarsa.

"Yaya, wannan ai gawa ce."

"Kai kuma me aka koya maka a Kumasin? Wanke sababbi?"

Baba yana zaune a bakin ɗakinsa yana jin mu. Ya ce, "Sai da na cika mata baƙin mai kafin in ɗora ta a kan duwatsun nan. Ka gwada dai, Mashud."

Mashud ya tuɓe riga ya fara. Injin ya daskare, ƙarfen murɗawa ko motsi ba ya yi. Ya cire kan injin, ya tsiyaya kananzir a kan fistin, ya bar shi ya jiƙa, kullum da safe ya ɗora guntun itace ya ɗan bubbuga. Da me yake bugun? Da taɓaryata! Na yi ta nemanta har na zargi maƙwabta, ashe tana hannunsa ta yi baƙi ƙirin. Zanzaro ya yi ɗaki a cikin kafireto, ɓeraye sun cinye wayoyi, gara ta gama da gadon baya, ka taɓa katako da yatsa ya burme. Lagireto kuwa in ka zuba ruwa ta sama sai ya fito ta ko'ina kamar rariya. Mai yin fitilun gwangwani na bakin kasuwa ya zo ya lilliƙe shi da dalma. Wani baduku ya ɗinka wa kujera sabuwar fata, muka cusa mata audugar rimi. Tayoyin da Baba ya rataye a ɗaki duk sun tsattsage. Mashud ya bi gari a kan keke, ya samo biyu a jikin wani amalanke a unguwar Gumbihini, sauran kuma bai gaya mini inda ya samo su ba, ni ma ban tambaya ba.

Safiyar da fistin ɗin farko ya motsa, Mashud ya yi ihu sai da na saki murfin tukunya. Ɗan motsin bai fi faɗin farce ba, amma ya kama hannun Baba ya zura masa shi a cikin injin don ya ji da yatsunsa. Daga ranar Baba ya bar bakin ɗaki, ya dawo da tabarmarsa gindin mota, suka shiga faɗa shi da ɗansa. Mashud ya miƙa masa wani ƙarfe, Baba ya shafa shi ya ce, "Juya shi, a baibai ka sa." Mashud ya ce yanzu ba haka ake yi ba. Baba ya ce ai motar ba ta yanzu ba ce. Wani lokaci tsohon ne da gaskiya, wani lokaci ɗan, ba kuma wanda yake yarda an kayar da shi. Ni dai abin da na lura, tarin Baba ya ragu, har ƙarin tuwo yake nema.

Ranar da ta tashi, bayan la'asar ne. Mashud ya shafa mata koren fenti, kafinta ya gama sabon gado, an sauke ta daga kan duwatsu ta tsaya da ƙafafunta. Baba ya shiga ya zauna. Mashud ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya murɗa. Shiru. Ya sake, ta yi tari ta yi shiru. Ya sake da dukan ƙarfinsa, sai muka ji tau! Kaji suka watse har kan rufi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, sannan ta kama, gir-gir-gir, duk jikinta na rawa. Baba ya kwantar da kunnensa a kan sitiyari, hawaye na bin kumatunsa, yana cewa, "Ita ce. Wallahi ita ce." Na rangaɗa guɗa har maƙogwarona ya yi zafi. Maƙwabta suka cika gidan.

Yayar Baba, Gwaggo Humu, tana zaune a bakin ɗakinta tana ɓare gyaɗa. Ta jira har aka kashe inji, hayaniya ta lafa, sannan ta ce, "Madalla. To ta ina za ta fita?"

Jama'a, kunya! Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na dubi Mashud, Mashud ya dubi zaure. Zauren gidanmu jaki ma sai an sauke masa kaya kafin ya wuce. Lokacin da Baba ya shigo da motar, bayan gidan dangar kara ce, ya kwance ta ya wuce abinsa. Daga baya aka yi bangon ƙasa a wurin, Gwaggo ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta aka gina mata ɗaki, maƙwabta suka manna nasu ɗakunan ta hagu da ta dama. Mu kuwa mun saba ganin mota a tsakar gida yadda muka saba ganin turmi da rijiya, ba wanda ya taɓa tambayar kansa ta ina ta shigo. Shi mai motar ba ya gani, a cikin kansa har yanzu dangar tana nan. Makonni muna gyaran mota, gida cike da manya masu hankali, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi bango.

Na ce, "Gwaggo, kin san da haka kika yi shiru?"

"Na zaci don ya ji ƙararta kuke ta wahala. Wa ya tambaye ni?"

Mashud ya share fuska ya ce, "Ai da sauƙi. Ga bangon nan na kusa da ɗakin Gwaggo, bayansa fili ne. A fasa shi, mota ta wuce, a mayar."

Gwaggo ta ajiye ƙwaryar gyaɗa. Ita da Baba a ƙasar Moshi aka haife su, can arewa, tana budurwa shi yana ƙarami suka biyo ayarin shanu zuwa Tamale. Ta ce, "A ƙauyenmu ba a fasa bangon gida sai don abu ɗaya, a fitar da gawar maigida. Da idona na ga an fitar da ubanmu ta haka. In kuka buɗe bangon nan, Imoru kuka buɗe wa. Ina numfashi ba mai sa masa diga."

Na ce, "Haba Gwaggo! Mu Musulmi ne fa. Rai a hannun Allah yake, me bango ya sani?"

"Tun ba a yaye uwarki ba nake salla, kada ki koya mini. Dubi ƙafafunsa, sannan ki dube ni ki ce in bari a fasa."

Muka yi ta yi, ni da ita, har maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Duk Zongo in akwai wadda bakinta ya fi nawa to Gwaggo ce, a wurinta na gada. Baba ne ya raba mu. Ya sauko daga motar yana laluben ƙofa, ya ce, "Sanatu, ya isa. Matar nan ita ta goya ni a hanya har garin nan. Ba zan bar ta ta zauna da tsoro saboda ƙarfe ba. Na ji muryar motata, ya ishe ni. Ku bar ta inda take."

Ya ishe shi, wai! Ƙarya yake yi, na kuma san ƙarya yake yi, don washegari bai je ya zauna a motar ba. Ya mayar da tabarmarsa bakin ɗaki, tarin ya dawo, tuwon da na kai masa ko rabi bai ci ba. Na tafi tasha, labari ya riga ni isa. Ba wanda ya yi dariya a gabana, sun san halina, amma ina juya baya nake jin ƙus-ƙus, wai an tayar da mota an rasa ƙofa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Biki ya matso sosai sa'ad da na tafi Gumani sayen karan dafi, wanda nake jefawa a tukunya shinkafa ta yi ja. Lokacin gyaran ɗakuna ne kafin ruwa ya sauko. Ina shiga ƙauyen na tarar da Dagomba, 'yan asalin yankin, sun taru a wani gida za su ɗora jinka. A ƙasa suke ɗaure rufin su gama shi tsaf, sannan maza su kewaye shi, wasu da hannu wasu da gwafa, mai ba da umarni ya yi kira su amsa, sai ka ga rufi ya tashi sama ya haye kan bango ya zauna daram. Tun ina yarinya nake ganin haka. Amma ranar sai na tsaya da kwando a kai, baki buɗe, har wata ta tambaye ni ko lafiya.

Mai yin kiran sunansa Zakaria, manomi ne, gajere mai faffaɗan ƙirji, shi ake nema duk inda za a ɗora jinka a yankin. Na tare shi tun bai share gumi ba.

"Mba Zakaria," na ce, wato baba da harshensu, "za ka iya ɗaga mota ta tsallake bango?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mota kika ce, 'yata, ko tabarma?"

Ban bar shi ya sha ruwa ba sai da na kai shi tsakar gidanmu. Ya zagaya motar, ya tsaya jikin bangon ya gwada tsayinsa, ya sa kafaɗa ya ɗan jijjiga ta. Ya ce a haka ko duk Gumani ta zo ba za ta tashi ba. Amma in aka cire mata kayan ciki da ƙafafu, aka bar ƙashin bayanta da kanta, za a gwada. Sai dai mutanensa ba za su isa ba, don ana bukatar masu ɗagawa a ciki da masu karɓa a waje.

Na je na durƙusa gaban Gwaggo, abin da na daɗe ban yi ba. Na ce, "In ta bi ta sama fa?"

Ta tauna goronta. Can ta ce, "Shaho ma kullum ta sama yake bi, ba wanda ya mutu. Amma zan zauna in gani da idona. In aka ci mini bango, a dawo da ita ciki."

Mashud ne na tausaya wa. Duk abin da ya ɗaura da guminsa sai ya kwance shi. Ya zauna ya riƙe kai da hannu biyu, ya ce da ya sani da bai amsa kirana ba, sannan ya tashi ya ɗauki sifana. Inji ya fita ta zaure a rataye jikin itace, maza na nishi. Giya, tayoyi, ƙofofi, kujera, katakon gado, duk muka fitar ɗai-ɗai, ni kaina lagireto na ɗauka a ka.

Saura maza. Da safe na je tasha da tukunyata cike, na ajiye, na ɗora dutse a kan murfin, na naɗe hannu. Suka taru da kwanoninsu. Na ce, "Yau ba mai cin ko ƙwara ɗaya sai a ƙofar gidanmu, bayan an gama aiki. Kun iya dariya, to ku zo mu gani ko ƙarfin naku duk a baki yake." Na faɗa musu aikin.

Zubeiru ya ce, "Yaya Sanatu, in ta suɓuce fa?"

"Ta faɗo a kanka mu huta."

Suka zo. Na san rabinsu kallo ya kawo su, amma Zakaria bai bar kowa ya tsaya kallo ba. Ya zura dogayen itatuwa a ƙarƙashin motar, ya jera mutanen Gumani a ciki, direbobi da masu lodi a waje, wasu a kan turame da benci, wasu riƙe da gwafa. Gwaggo ta kawo kujerarta ta zauna a gefe, ta ƙura wa bangon ido. Baba yana tsaye a bakin ɗakinsa, ina riƙe da hannunsa.

Zakaria ya yi kira da harshensu, suka amsa, mota ta bar ƙasa. Ya sake kira, ta kai gwiwa, ta kai kafaɗa. A kira na gaba ta hau kawuna, tana lilo, koren fentin na ƙyalli a rana.

"Me ake ciki?" in ji Baba.

"Tana sama, Baba."

"Sama ina?"

"Sama da kan mutane."

Ya ce, "La'ilaha illallahu."

Hancinta ya tsallake, na waje suka karɓa. Tana tsaka-tsaki, rabi a ciki rabi a waje, sai wani na ciki ya taka kashin kaza ya zame. Gefe ɗaya ya sunkuya, ƙarfe ya gogi kan bangon, wani ɓantaren ƙasa ya faɗo tim a gaban Gwaggo.

Kowa ya ƙame. Mota a sama, rabi a ciki rabi a waje, duk ido ya koma kan Gwaggo. Gwaggo ta sunkuya a hankali, yadda tsofaffi ke yi in sun san ana jiransu, ta ɗauki ɓantaren, ta juya shi, ta murje shi da yatsa. Daga bayan bango na ji muryar Zubeiru, ashe shi ne a ƙarƙashin hancin motar, yana cewa, "Gwaggo, don girman Allah ki yi magana, wuyana zai karye!"

Ta karkaɗe hannu. "Yaɓe ne. Ni na yi shi bara da hannuna. Bangon lafiyarsa lau, ku wuce da ita."

Zakaria ya kwarara kira, aka tura, aka karɓa, sai muka ji ta sauka a waje dif. Ihun da ya tashi har a kasuwa an ji. Na ciyar da su har aka kankare tukunya. Abin da ya ba ni mamaki, da suka ci ba su tafi ba. Sai ga su sun kewaye Mashud, wannan ya riƙe masa sifana, wancan ya shige ƙarƙashi, ana ta musun ina wannan ƙarfen yake shiga. Zubeiru da wuyansa a karkace ya koma tasha ya kawo galan na fetur, ya ajiye wa Mashud. Ranar jajibere aka gama ɗaure ta. Mashud ya gwada ta a filin bayan gida, ta tafi lafiya, sai dai duk sanda ya canza giya sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Ranar biki gari ya cika tun hantsi, tutoci ja da rawaya da kore ko'ina, makaɗan Dagomba sun fito da kalangai, 'yan makaranta na ta maci. Na sa wa Baba farar rigarsa da jar hula, muka fito da shi. Mashud ya tayar da mota ya shiga wurin direba. Baba ya laluba ya kama ƙofar wannan gefen, ya tsaya.

"Matsa," in ji shi.

Mashud ya dube ni, idanunsa sun fito. "Yaya, gari cike yake da mutane."

Ni ma na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na ce, "Ka ji abin da ubanka ya ce. Matsa ka zama idonsa."

Ya matsa, ya sa hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, ɗayan a kan birkin hannu. Gwaggo aka ɗora ta a baya da kujerarta, ta ce ba za ta bar ƙanenta ya tafi shi kaɗai da mahaukata ba. Ni kuwa na taka matakalar gefe na riƙe ƙofa, daf da kafaɗar Baba.

Ya taka kuloci, ya sa giya, muka motsa. "Hagu kaɗan, Baba. Miƙe. Akwai rami, dama." A hankali muke tafiya, mutane na bin mu a ƙafa, Zakaria da mutanensa na buɗe hanya. Da muka hau babban titi sai Baba ya karkata kai yana sauraren inji, ya taka kuloci, ya saki, ya ɗan ba ta wuta, ya sake takawa, giya ta shige ba ko ƙara. Mashud ya dubi hannun ubansa har ya manta da hanya, sai da na daka masa tsawa.

Muna shiga tasha muka tarar motoci sun yi layi, an yi musu ado da ganye da tutoci, an bar wuri a gaba ba kowa. Direbobin da ke zaune a kan benci suka miƙe tsaye, ba wanda ya ce su miƙe. Sarkin tasha ya yi jinjina, ya ɗaga murya ya ce, "Hanya! A ba Imoru hanya!" Zubeiru ne ya ruga ya kawar da wani benci daga gabanmu. Mashud ya ce, "Tsaya nan, Baba," ya tsaya cak, Gwaggo ko girgiza ba ta yi ba a kan kujerarta.

Alfahari ya cika ni. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na buɗe baki ba abin da ya fito sai kuka.

Baba bai saki sitiyari ba. Ya juyo da fuskarsa wajena, ya yi ƙasa da murya don kada Mashud ya ji.

"Sanatu, suna gani?"

"Suna gani, Baba. Har na kan bishiya suna gani."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya gyara zama, ya miƙe wuya.

"To gyara mini hulata, mu ja su."

Na gyara masa ita da hannuna biyu. Ya danna oda, muka ja gaba, motocin Tamale duka suna bin bayanmu.